Taro a Rufe

Otter Bend, Michigan
12 ga Oktoba, 1986

Yaya Aili,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi. Ni dai asibiti sun sallame ni, na dawo gida na tarar ɓeraye sun raba gado. Kwalaben da kika sa a kwashe an kwashe, har da wadda ke bayan murhun sauna, ɗakin wankan tururin nan. Har yau ban san wanda ya tsegunta miki ita ba.

Kin ce in rubuto da zarar na sami taron nan. To ban samu ba. Kafin ki ɗauki biro ki fara mini wa'azi, ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ranar da za a sallame ni malamar da ke kula da mu ta ce, "Reino, watan da ka yi a nan ba shi ne aikin ba. Ka koma gida ka nemi taron masu fama da irin abin da kake fama da shi, ka shiga cikinsu tun makon farko. In ba haka ba, kafin Kirsimeti ko mu mu sake ganinka, ko mai haƙa kabari ya gan ka." Ta ba ni lambar waya. Na buga, wata murya ta ce an daina aiki da lambar. Na buga asibitin, suka ce malamar ta tafi hutu, kuma su garuruwan da ke kusa da su suka sani, namu kam sai dai in tambaya a gida. In tambayi wa? Fasto? Abin da Fasto ya ji da safe, matarsa ta raba shi da kofi kafin azahar.

A ƙarshe nas ɗin ɗakin shan magani ce ta raɗa mini, kamar mai sayar da kayan sata, cewa ana yi ranar Alhamis da ƙarfe bakwai a ɗakin ƙasa na cocin Methodist da ke Halvor. Na yi aski, na sa rigar da na sa a jana'izar matata Carol, na tuƙa akori-kurata kusan awa guda. Na isa na ga motoci a jere, fitila a kunne, har ƙanshin kofi yana fitowa. Na sauka matakala, sai ga kwali an manna a ƙofa da manyan baƙaƙe: TARO A RUFE.

To me zan yi? In fasa ƙofar? Ke kika koya mini karatu, rufe dai rufe ne. Na juyo na kama hanya, haushi kamar ya kashe ni.

Abin da ke hana ni barci shi ne maganar Denise. Ranar da iyalai suka zo asibiti ta dafa cikinta ta ce, "Baba, a Disamba zan haihu. In ba ka zuwa taro, ba za ka ɗauki ɗana ba. Ba fushi ba ne, na gaji ne." Kin san 'yata, uwarta ta biyo, ba ta maimaita magana. Ni kuwa ina son in ɗauki yaron nan, Aili. Ba ni da wani buri da ya wuce wannan.

Ban sha ba. Na san ita ce tambayar da kike ta nema a cikin takardar nan.

Ki gaida maƙwabtanki na sama, su Misis Olson.

Ƙanenki,
Reino


Duluth, Minnesota
19 ga Oktoba

Reino,

Na sami wasiƙarka, na gode Allah da kake tsaye da ƙafafunka. Gwiwata tana nan, ba ita ce damuwata ba.

Yanzu ka saurare ni. Ni na goya ka, ni na wanke maka wando, saboda haka kada ka raina mini hankali. Mutane za su kunna fitila, su dafa kofi, su jera motoci, sannan su ce taro a rufe? Wa ya taɓa jin haka? Ko dai ba ka je ba, ko ka je ka zauna a mota zuciyarka ta karye, ka dawo ka tsara mini labarin kwali. Tun kana ɗan makaranta ka iya wannan. Ranar allura sai ka dawo ka ce likita ya mutu.

In ma da gaske ne, hannunka ciwo yake da ba za ka ƙwanƙwasa ba? Mutumin da ke tuƙa motar share ƙanƙara cikin guguwa, kwali ne zai kore shi?

Kuma ka lura, wasiƙa shafi uku ka rubuto, ko sau ɗaya ba ka kira abin da sunansa ba. "Abin da nake fama da shi." Sai ka ce ciwon baya. Giya ce, Reino. Ita ta ci maka rabin lafiyarka, ita ta sa 'yarka take magana da kai kamar da baƙo.

Denise ta bugo mini ranar Lahadi. Ta tambaye ni ko kana zuwa, na ce kana nema. Sai ta ce, "Anti, Baba kullum yana nema." Na ji haushinka da ka sa ni a wannan matsayi.

Ka je wurin Fasto. In matarsa ta yaɗa, ta yaɗa. Akwai wanda ya rage a Otter Bend da bai taɓa ganinka kwance a bakin titi ba? Wane sirri kake ɓoyewa?

Na sa maka burodin nisu a cikin kwalin nan, da safa biyu. Ka ci abinci, ka daina rayuwa a kan kofi da taba.

Allah ya kiyaye ka, ko da kai ba ka kiyaye kanka.

Yayarka,
Aili


Otter Bend
2 ga Nuwamba

Yaya Aili,

Ina gaisuwa. Nisu ya iso, na gode, safa ma sun yi daidai. Wa'azin ne ya yi mini yawa.

Kin ce ƙarya nake. To bari in ba ki labarin makonni biyun nan, in kin ga dama ki ce su ma ƙirƙira na yi.

Na je wurin Fasto, don kada ki ce na ƙi. Ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce ya ji ana yi ranar Litinin a zauren tsofaffin sojoji na Carp Falls. Na je. Na buɗe ƙofa sai ga tsofaffin mata cike da zaure suna wasan bingo. Duk suka ɗago suka zuba mini ido. Wata ta ce, "Ba Reino mai share mana hanya ba ne? Bara kai ka ture mini akwatin wasiƙa." Na tambayi mai gadin wurin a hankali, shi kuwa kurma ne, ya ɗaga murya ya ce, "Masu shan giyar nan? Ai tun bazara suka tashi, ban san inda suka koma ba." Ƙasa ba ta tsage ba, da na shige.

Aka ce akwai wani a Norrie ranar Laraba, a bayan ɗakin karatu. Na je na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wai dattijon da ke riƙe da shi ya tafi Florida gudun sanyi, sai Afrilu. Wato mu nan sai mu dakata da ƙishirwa har ya dawo.

Sai na koma Halvor ranar Alhamis, na ce wataƙila wancan makon ne kawai. Kwalin yana nan daram. Wannan karon na tsaya na duba motocin da kyau. Ga ta likitan haƙori, ga ta manajan kamfanin katako, ga wata sabuwa fil da ban san mai ita ba. Nan na gane. Kin tuna kulob ɗin mafarauta na Halvor, da Baba ya nemi shiga suka ce masa rajista a rufe take, alhali a makon suka ɗauki surukin alƙali? To shi ne wannan. Sun cika, sun san junansu, ba sa son ɗan Finland mai warin man dizal ya zo ya ɓata musu kujera. Har a wajen barin kwalba akwai manya da ƙanana.

Ina tsaye a saman matakala wani dogo mai jar hula yana shan taba ya ce, "Aboki, wani abu kake nema?" Na ce a'a, ɓatan hanya na yi. Sai ya yi dariya ya ce, "Ai duk wanda ke nan ɓatan hanya ya yi." Kin ji fa. Ba'a. Na so in mayar masa, na dai danne na koma mota. Kin ce in ƙwanƙwasa. Ni ba na roƙon shiga inda aka rubuta ba a so na, wannan kam daga Baba na gada, ke ma haka.

Ƙanƙara ta fara sauka, na koma aiki. Da rana lafiya lau, sitiyari yana riƙe ni. Daga ƙarfe biyar ne gidan ke yin shiru har in ji agogo. Abokaina su Vern sun fara shirin farautar barewa, sun aiko in zo sansani. Na ce ciwon baya nake. Kin ga ciwon bayan ya yi rana.

Ban sha ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, na gaji da yawon nan, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Ƙanenki,
Reino


Green Bay, Wisconsin
15 ga Nuwamba

Baba,

Ina fata ka tashi lafiya. Ban sani ba ko ka tuna ka bugo mini waya shekaranjiya. Ina zaton ba ka tuna ba, shi ya sa na rubuto.

Ka bugo daga mashaya, ina jin kiɗa a bayanka. Ka ce mini kana ƙaunata, ka ce za ka sassaƙa wa yaron gado da itacen maple, ka ce an rufe maka ƙofa. Ka maimaita maganar ƙofar har na daina ƙirgawa. Sannan ka kira ni da sunan Mama.

Ban yi kuka ba, Baba. Mijina Glenn ya zaci zan yi, ya zo ya tsaya a kaina. Ni dai na ajiye wayar na ci gaba da ninke kayan jariri. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, da na ga ko mamaki ban yi ba.

Maganar da na faɗa maka a asibiti tana nan. Kada ka sassaƙa gado, mun riga mun saya. Kada ka bugo. In na haihu Anti Aili za ta sanar da kai.

Ina yi maka addu'a, wannan ban daina ba.

'Yarka,
Denise


Otter Bend
18 ga Nuwamba

Aili,

Na san Denise ta riga ta gaya miki, to ba sai na yi dogon bayani ba. Gaskiya ne.

Na koma Halvor karo na uku. Na ce yau ko ana ha-maza ha-mata sai na ƙwanƙwasa. Na sauka, na ɗaga hannu, na ji suna dariya a ciki, irin dariyar mutanen da suka saba da juna. Hannun ya ƙi. A hanyar dawowa, daidai kwanar tafki, mashayar Rudy ta kunna jar fitilar nan tata mai cewa A BUƊE. A duk gundumar nan ita kaɗai ce ta rubuta mini haka. Ban ce hujja ba ce, ina gaya miki yadda aka yi ne.

Kwana biyu na yi a ciki. Yanzu na tsaya.

Kada ki aiko da nisu. Kada ki aiko da wa'azi ma, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naki zafi. Yaron nan dai na rasa shi tun bai zo ba.

Reino


Duluth
21 ga Nuwamba

Reino,

Ba nisu, ba wa'azi. Ni ce zan zo da kaina. Bas ɗin Laraba zai sauke ni a gidan mai na Halvor da rana, ka zo ka ɗauke ni, kuma ka share motar nan kafin in shiga.

Ranar Alhamis mai zuwa hutun bikin godiya ne, na sani, amma na tabbata masu dafa kofin nan ba za su fasa ba. Za ka kai ni ƙofar in gan ta da idona. In babu kwali, ni da kai ne. In kuwa akwai, to su za su gane kurensu. Shekara talatin ina ciyar da 'yan makaranta, ban taɓa rufe wa mai jin yunwa ƙofa ba, ba kuma zan zuba ido wasu masu sababbin motoci su rufe wa ƙanena ba.

Ka yi aski.

Yayarka,
Aili


Otter Bend
29 ga Nuwamba

Denise, 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da Glenn da nauyin da kike ɗauke da shi. Daga teburin babanki nake rubuto miki. Na san kin ce ba kya son jin labarinsa, amma wannan labarina ne, kuma kunyar da na sha sai na sami wanda zan juye wa.

Na zo da niyyar faɗa. Tun a mota nake haddace abin da zan faɗa musu, babanki kuwa sai tuƙi. Muka isa cocin, na riƙe ƙarfen matakala na sauka da gwiwar nan. Denise, kwalin yana nan. TARO A RUFE, da baƙin alƙalami, har gefensa ya fara naɗewa don tsufa. Wato duk makonnin nan da nake ce masa maƙaryaci, gaskiya yake faɗa. Wannan ya ƙara tunzura ni, na dunƙule hannu na daki ƙofar.

Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ta buɗe, da hular farauta a kanta da butar kofi a hannu. Na ce, "Ke ce shugabar wurin nan?"

Ta ce, "Ba mu da shugaba. Ni ce Bernice, ni ke dafa kofi."

Na ce, "To Bernice, ina so in ji dalilin da kuke rufe wa bayin Allah ƙofa. Mutumin nan sau uku yana tuƙo mota daga Otter Bend yana komawa. Don ba shi da sabuwar mota? Ko sai likitoci da manajoji ne ke da izinin tuba?"

Ta ƙare mini kallo, ta dubi babanki da ke laɓe a bayana kamar yaron da aka kawo makaranta. Ta ce, "A cikinku wa ke son daina shan giya?"

Na ce, "Ni kam ban taɓa kai ta bakina ba, in ban da ta jibin Ubangiji."

Ta ce, "To ke aka rufe wa, 'yar'uwa."

Ta ci gaba ta ce, "Muna da taro iri biyu. Na buɗe, kowa ya zo, har ɗan jarida. Na rufe kuwa namu ne mu kaɗai. An rufe shi ga matanmu da mazajenmu, da fasto, da ɗan sanda, da yayye mata masu ƙoƙari irinki. Don mutum ya faɗi abin da ke cikinsa, gobe kada ya ji shi a gidan mai. Saboda irinsa muka rufe, ba don mu hana shi ba."

Sai ta leƙa bayana ta ce, "Kai fa, malam? Me ya kawo ka?"

Na buɗe baki na fara, "Ai shi ne, wata guda ya yi a asibiti, sannan..." Ta ɗaga mini butar ta ce, "Baiwar Allah, yana da baki."

Babanki ya cire hula yana murza ta. Kunnuwansa suka yi ja. Na ɗauka zai ce ɓatan hanya ya yi, har na ga ƙafarsa ta juya wajen matakala. Sai ya ce, a hankali ƙwarai, "Sunana Reino. Mashayi ne ni." Denise, shekara hamsin da uku na san shi. Na ji ya ce gajiya ce, na ji ya ce sanyi ne, na ji ya ce rashin mamanki ne. Wannan kalmar ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ko a asibiti.

Wani dogo mai jar hula ya taso daga ciki ya ce, "A'a, ga mai ɓatan hanya. Ka dai gano ta. Shigo, akwai sauran talo-talo, Bernice ta busar da shi kamar takalmi amma yana ciyuwa." Ya ja shi ciki.

Ni kuwa ban haƙura ba. Na ce wa Bernice, "To me ya hana ku rubuta bayani a ƙarƙashin kwalin? Kun san abin da ya jawo? Mutumin nan ya koma ya sha, 'yarsa ta yanke shi." Ta sauke kai, na ga abin ya taɓa ta. Ta ce, "Ba shi ne na farko ba. Shekara da shekaru muna cewa za mu gyara, duk lokacin da aka kawo maganar sai a yi ta gardama a kan kalmar da za a sa, har kofi ya ƙare." Na ce ta ba ni alƙalami yanzu in rubuta musu. Ta ce sai an kai maganar gaban taronsu na wata-wata. Sannan ta ce in yi haƙuri, ta rufe ƙofar a fuskata, da ladabi.

Awa guda na yi a motar babanki, na'urar ɗumama ta ta lalace, ina rawar sanyi ina zagin kwali, da Bernice, da kaina. Da ya fito idanunsa sun kumbura. Na ce, "To, me suka ce? Wa da wa ke ciki? Da gaske akwai likitan haƙori?" Ya tayar da mota ya ce, "Yaya, a rufe yake." Har muka iso gida ban sami ko kalma ɗaya ba. In ba don gwiwa ba da na shure shi.

Ban rubuto don in ce ki yafe ba. Taro ɗaya ba komai ba ne, ke kin fi ni sanin alkawuransa. Abin da ya yi a mashaya ya yi shi, kwali bai ɗura masa ba. Na dai ga ya kamata ki san cewa maganar ƙofar da ya yi ta maimaita miki ba surutun maye ba ne.

Jibi zan koma Duluth. Ki riƙa ɗora ƙafafunki a kan matashi, ki bar wa Glenn wanke-wanke.

Antinki mai ƙaunarki,
Aili


Green Bay
18 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka. Na ce Anti ce za ta sanar da kai, amma na ga gara in yi da kaina. Na haihu ranar Lahadi, namiji, lafiya lau. Mun sa masa suna Carl. Yana da kunnuwanka, Allah ya ba shi haƙuri.

Anti ta ce tun ranar nan ba ka fasa zuwa ba, kuma dogon nan mai jar hula yana bugo maka kullum da yamma. Ban san abin da zan yi da wannan labari ba. Ina son in yarda, ina kuma jin haushin kaina da nake so.

Ga abin da na yanke. Ka zo ranar Alhamis mai zuwa, ranar Kirsimeti, ka kwana ɗaya. Mu uku ne kawai a gida. Ranar Juma'a mahaifiyar Glenn za ta iso, za ta zauna har ƙarshen Janairu, kuma ka san abin da take faɗa a kanka tun ranar bikinmu. Ba ni da ƙarfin tsayawa tsakaninku. Saboda haka Alhamis ce, in ta wuce ban san yaushe ba.

Kada ka kawo komai. Ka zo da kanka yadda kake yanzu.

'Yarka,
Denise


Otter Bend
21 ga Disamba

Denise,

Barka da sauka lafiya. Allah ya raya Carl. Na karanta wasiƙarki a tsaye a ofishin gidan waya, sai da na fita waje don kada a ga fuskata.

Ba zan zo ranar Alhamis ba. Ita ce ranar taro, kuma shi kaɗai ne a duk makon a inda motata za ta iya kaiwa. Na lissafa ta kowace hanya, ba zan iya zuwa in dawo ba. An ce mini makon Kirsimeti ne ya fi kayar da irinmu, kuma na san kaina, in na fasa ɗaya saboda dalili mai kyau, na gaba ba zai buƙaci dalili ba.

Na sha ce miki zan zo ban zo ba. Wannan karon ina gaya miki tun da wuri, idona biyu, kuma kin san inda zan kasance da ƙarfe bakwai.

In kin yarda, zan taso da asubahin Juma'a. Surukarki ta faɗi duk abin da ke bakinta, zan zauna in saurara, rabinsa ma gaskiya ne. In ba ki yarda ba, zan jira Fabrairu, ko duk lokacin da kika ce. Kin hana ni bugowa, to ba zan bugo ba. Ina gida kullum daga ƙarfe biyar, kusa da waya.

Babanki,
Reino